Fetur tartsatsi yake jira, gazuwal matsi yake so

Malam, ka ce tun da hunturu ya sauka motarka mai gazuwal ba ta tashi da asuba, bakanike ya ce buji ne, kai kuma a saninka injin gazuwal ba shi da buji. Kana tambaya ko cutarka za a yi. Ba lallai ba ne. Sunan ne ɗaya, amma aikin ya sha bamban.

Dubi babur ɗin ɗan kabu-kabu. Injin fetur yana zuƙar iska haɗe da mai, fistan ya matse su kamar sau 8 zuwa 12, amma ba za su kama ba sai buji ya watsa musu tartsatsi, da wutar da bobin ta ɗaga ta haura volt 10,000. Zare wayar bujin, nan take babur ya mutu. Wannan tsarin na matse iska da mai kafin a kunna su, Bajamushe Nikolaus Otto ne ya fito da shi a 1876.

Shi ko injin gazuwal, iska zalla yake zuƙa, sai ya matse ta sau 15 har zuwa 22. In ka taɓa ba keke iska da sauri ka ji gindin famfon ya ɗau zafi, to shi ne, sai dai a nan zafin ya wuce digiri 500. A daidai lokacin ne injekta ke feso man kamar raɓa, ya kama da kansa, ba wanda ya ƙyasta masa ashana. Rudolf Diesel, shi ma Bajamushe, ya ga nasa injin ya yi aiki sosai a 1897.

In kana son gani da idonka, leƙa wurin mai injin niƙa a unguwar Birni ko Zango. Babu batir, babu waya. Yaro zai ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke sakin matsi, ya yi ta juya hannu har ƙafar injin ta ɗau gudu, sannan ya saki ƙarfen. Matsi na dawowa sai ka ji tuf, tuf, hayaƙi ya tashi, mata su fara miƙa gero. Wannan matsin ne ya sa injin gazuwal ya fi nauyi da ƙara, shi ne kuma ya sa ya fi tsimin mai.

To bujin da bakaniken ke nufi na ɗumamawa ne. Ba ya tartsatsi, ja kawai yake yi kamar garwashi na 'yan daƙiƙu, don kada ƙarfe mai sanyi ya shanye zafin iskar kafin mai ya kama. Fitilarsa ce mai kama da murɗaɗɗiyar waya a gaban direba. A jira ta mutu kafin a murza makulli. Sai dai ni a ganina, sanyin Damagaram bai kai ya kayar da lafiyayyen inji ba. Tsofaffin injuna kam suna dogara da bujin sosai, amma raunin batir ko zoben fistan da ya cinye su ma haka suke yi, har da farin hayaƙi mai warin man da bai ƙone ba. Ka ce ya gwada bujin ɗaya bayan ɗaya a gabanka, ya kuma auna matsi, kafin ka fidda kuɗi.

Man ma halinsu ya saɓa, ko da yake tun 2011 matatar SORAZ daga ɗanyen man Agadem guda take fitar da su. Fetur mai kyau shi ne mai haƙuri da matsi har tartsatsi ya zo, gazuwal mai kyau kuwa mai saurin kamawa. Gazuwal ɗin ne kuma ke shafa wa famfon mai da injekta maiƙo, fetur wanke shi yake yi. Saboda haka in ka tsaya wurin 'yan ruwa-ruwa da dare, shinshina kwalbar kafin a juye. In kuwa an riga an zuba maka fetur, kada ka ko kunna. A tura motar, a tsiyaye tankin.