Hattara da masu "turo kuɗi mu saya maka hannun jari" a WhatsApp

Jama'a, a kula da zaurukan WhatsApp da Telegram da ake tsunduma mutum ciki ba da saninsa ba, inda wani mai kiran kansa "farfesa" ke alƙawarin saya maka hannun jarin Dangote Cement, MTN ko BUA da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, wai ba asara. Kamfanonin na gaske ne, amma ba ruwansu da harkar, sunansu kawai aka ara. A kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas farashi na iya faɗuwa da kashi 10 a yini guda, to wa zai lamunce maka ribar wata?

Za a turo maka wata manhaja ka sauke, a ce ka tura kuɗi asusun wani mutum. Ribar da kake gani tana hawa a fuskar wayarka, su ne ke rubuta ta. Cirewar farko, a ce dubu 10 ko 20, nan take za ta faɗo, daga aljihun wanda ya shigo bayanka, don ka saki jiki ka zuba jarin shagonka, ka kuma jawo dangi. Ranar da ka nemi uwar kuɗinka sai maganar "haraji" ko "kuɗin tantancewa" ta taso. Haka manhajar zuba jari ta bogi mai suna CBEX ta yi a Afrilun 2025: ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta toshe cirewa, sannan ta nemi dala 100 ko 200 kafin a buɗe asusu.

Kada takardar CAC ta ruɗe ka. Shaidar rajistar kamfani ce kawai, ko mai gidan burodi yana da ita. Mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari sai da rajistar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma sunayen masu rajistar suna shafinta. Ka buɗe shafin da kanka, domin suna satar sunan dillalin gaske su ɗora lambar wayarsu.

Babban gwajin shi ne CSCS, wato ma'ajiyar da ke riƙe da bayanan hannun jarin kowane mai saye. Dillali mai lasisi zai karɓi BVN ɗinka da shaidarka, ya buɗe maka asusun CSCS da lambar CHN (lambar shaidarka a CSCS) da sunanka. Duk hannun jarin da aka saya zai fito a can, ka kuma samu takardar ciniki mai nuna adadi, farashi da ladan dillali. Ribar shekara, idan kamfani ya raba, kai tsaye take shiga asusunka na banki in ka yi rajistar karɓarta ta banki. Hannun jarin da bai fito a CSCS ɗinka ba, ba ka saye shi ba.

Idan ka riga ka tura, kada ka ƙara ko kwabo. Ɗauki hoton hirarrakin da rasit tun kafin su goge zauren, sanar da bankinka a ranar, ka kai ƙara SEC da EFCC. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar aƙalla naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan damfara. Wanda kuma ya kira ka daga baya wai zai ƙwato maka kuɗinka idan ka biya shi wani abu, sau da yawa cikinsu yake.