Gashin ƙashi a asibiti, bayan na sha ƙaho

Ni tela ne, wuni nake a kan keke, kuma ciwon baya ya daɗe yana cina. A Kano da ka ce bayanka na ciwo, za a ce maka basir ne ko sanyi. A kan haka na fara da jiƙe-jiƙen saiwoyi, daga baya wanzamin unguwarmu ya yi mini ƙaho. Ba zan raina ƙaho ba. Jiki yakan yi sakayau na ɗan lokaci, kuɗin bai taka kara ya karya ba, wanzami kuma har gida yake zuwa, ya zauna ya saurare ka. Wannan ne ke jan mutane wurinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ni da na koma keke ciwon ke dawowa.

Sashen gashin ƙashi na wani asibitin gwamnati na je. Akwai sammako, akwai layin yankar kati, mai sana'ar hannu kuwa rabin wuninsa ya tafi. Wannan ya ci mini rai ƙwarai.

Amma da na shiga, ma'aikaciyar ta sa na sunkuya, ta kwantar da ni ta ɗaga ƙafata a miƙe, ta gwada ko ina jin taɓi a yatsu. Sannan ta ce, "Malam, kana tashi kuwa tsakanin ɗinki da ɗinki?" Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. An gasa mini bayan, aka koya mini motsa jiki na ƙarfafa ciki da ƙugu, aka ce in gyara tsayin kujera in riƙa miƙewa. Ta kuma ja mini kunne kan diclofenac, maganin rage ciwo da nake saya a kemis, domin yawan shansa na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Sauƙin a hankali ya zo, kuma sai ka dage da atisayen a gida, amma yanzu ina yin ruku'u ba tare da cije leɓe ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne alamomin haɗari da ta lissafa: ƙafa ta riƙa mutuwa, fitsari ya riƙa kufcewa, ko zazzaɓi da rama, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. Mai irin wannan ya bar ƙaho da jiƙo, ya nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano a ranar.