Sayen abincin kifi a Sakkwato: buhu a rufe, na awo ko haɗin gida?

Mai kiwon tarwaɗa ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa tun daga zuba 'ya'yan kifi har ranar kamu. Shi ya sa duk wanda ya shiga shago farashi yake fara tambaya, sannan ya duba yawan furotin da ke jikin buhu. Ba kasafai ake tambayar abin da ke raye a cikin abincin ba. Garin kifi, garin jini, dusa, waken suya da tunkuzar gyaɗa duk abin so ne ga ƙwayoyin cuta, kuma gwaje-gwaje sun sha gano irin su Salmonella, E. coli, Staphylococcus da Bacillus a abincin kifin da ake sayarwa a kasuwa. Wasunsu ma sun daina jin magungunan da aka saba kashe su da su.

A fara da abincin kamfani mai yawo saman ruwa, wanda ke zuwa a buhu mai kilo 15. Akwai na kamfanonin Turai irin su Coppens da Aller Aqua, akwai Skretting da ke da masana'anta a Ibadan, Blue Crown daga Ilori, da Vital daga Jos. Injin da ke yin irin wannan abinci dafa shi yake yi da tururi da matsi, zafin ya haura digiri 100 nesa ba kusa ba, kuma wannan dahuwar ce ke sa ƙwayar abincin ta kumbura ta riƙa yawo. Salmonella da E. coli ba sa tsira a wannan zafi. Bacillus kan ɓuya cikin wani ɓawo mai tauri ya tsallake, amma dai abincin yana fitowa da tsafta fiye da duk sauran. Ta fuskar ƙwayoyin cuta ban ga dalilin fifita na waje kan na gida ba, tunda hanyar dahuwar ɗaya ce. Bambancin yana cikin abin da ya samu buhun bayan ya bar masana'anta. Na waje ya kwana a jirgin ruwa, ya jira a tasha, sannan ya hau tirela daga kudu. Kowanne kuma zai zo ya tarar da zafin Afrilu na Sakkwato, lokacin da awon zafi ke wuce digiri 40, sai man da aka fesa wa abincin ya fara hamami idan shagon rufin kwano ne babu iska.

Don haka kada ka ji nauyin tambaya. "Alhaji, yaushe wannan kayan ya sauka?" Idan ya ce, "Ai sabo ne, yallaɓai," juya buhun ka karanta ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa da idonka, ka nemi lambar NAFDAC, ka duba ɗinkin baki ko na kamfani ne ko an sake shi da hannu. Buhun da ke da tabon ruwa a gindi ko hujin ɓera, bar musu abinsu ko da an yi maka ragi.

Wanda na fi jin tsoro shi ne na awo, wato buhun da aka farke ake sayarwa kilo-kilo ko mudu-mudu. Na san dalilin sayensa. Mai tanki ɗaya a bayan gida ba ya buƙatar buhu guda na abinci mai ƙananan ƙwayoyi 'yan milimita 2, kuma aljihu ba ya kaiwa kullum. Sai dai buhun da ya yi mako uku a buɗe ya rabu da duk tsaftar da injin ya ba shi. Hannu ya shiga, mudu ya shiga, ƙuda sun sauka, ƙurar hunturu ta zauna, da dare ɓera da kyankyaso sun zagaya. Ƙadangaru da tsaka, waɗanda ba a rasa su a kowane shago, suna ɗauke da Salmonella a kashinsu. Kuma ba ka ga kwanan wata ba, ba ka da tabbacin ba a gauraya da tsohon kaya ba. Kuɗin mai tsada ka biya, ka tafi da abin da ba ka san halinsa ba. Gara ku haɗu mutum biyu ko uku ku sayi buhu a rufe, ku raba nan take, kowa ya zuba nasa a bokiti mai murfi.

Haɗin gida mai nutsewa, wanda ake murzawa a ƙananan injina, shi ne mafi araha, kuma ba abin rainawa ba ne idan kifi ya girma. Zafin injin bai kai na kamfani ba, saboda haka tsaftarsa ta dogara ga kayan da aka zuba da yadda aka shanya. A nan muna da sa'a, don ranar Sakkwato da busasshiyar iskar rani suna busar da shi ƙayau cikin yini guda, muddin a kan tamfol mai tsafta aka baza, ba inda kaji da awaki ke bi ba. A watan Agusta labari ya sha bamban. Da zarar laimar abincin ta wuce kashi 12 cikin ɗari, fumfuna ta kama. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da gubar aflatoksin, wadda dahuwa ba ta kashewa, tana lalata hantar kifi ta karya masa garkuwa. Ga kuma aibin nutsewa: abin da kifi bai ci ba yana ruɓewa a ƙasan kwami ba ka gani, ruwa ya ɓaci, ƙwayar cutar Aeromonas mai sa gyambo da kumburin ciki ta samu wuri. Idan za ka sayi haɗin gida, saya wajen wanda zai bari ka ga tunkuzar da garin kifin kafin a niƙa.

Sai hanjin kaji, jinin kwata da matattun kaji da wasu ke jefa wa manyan tarwaɗa. Kusan kyauta ne, kifi kuma yana so. Amma kazar da ta mutu a gona mai yiwuwa ana cikin ɗura mata magani ta mutu, kenan ƙwayoyin cutar da ke hanjinta su ne waɗanda maganin ya kasa kashewa. Tafasawa sosai tana rage haɗarin hanji da jini. Mushe kam a binne shi.

Tambaya ɗaya ta shafi duk zaɓin nan, musamman haɗin gida: an sa magani a ciki? Wasu masu haɗi suna barbaɗa oksitetarasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, su ce rigakafi ne, wani ma yana faɗar haka da alfahari. Ƙaramin magani kullum ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Raunana yake kwashewa, masu taurin kai su yaɗu, har su miƙa wa wasu jinsuna wannan hali. Ranar da ciwo ya shigo da gaske sai ka ga ka zuba magani kifi na ta mutuwa. Ruwan kwamin kuma ba a gonarka yake tsayawa ba. Ana sakinsa lambu, ya shayar da latas da kabeji da ake ci ɗanye, ko ya gangara kwata ya nufi gulbin Rima. Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don saurin girma tun 2006, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 sakamakon ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani. Idan kifi ya fara ciwo, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, likita zai iya gwadawa ya ga maganin da cutar ke ji, ya kuma faɗa maka kwanakin da za ka jira kafin ka sayar.

Da ni ne mai kwamin, daga 'ya'yan kifi har su kai wata biyu ba zan ba su komai ba sai na kamfani, buhu a rufe, don a wannan lokacin ne asara ta fi sauƙin faruwa kuma cinsu kaɗan ne. Bayan nan haɗin gida yana iya shiga, idan rani ne kuma na ga kayan da idona. Da damina sai in koma mai yawo, in sayi na mako uku ko huɗu kawai, in ɗora a kan katako nesa da bango.