Tarkon asu mai ƙamshin mace: wata biyu a ɗakin ajiyata

Ranar da na buɗe buhun gari na ga ya dunƙule wuri-wuri, ga wani zare kamar yanar gizo-gizo a bakinsa, na san asu ya shigo mana. Ɗan ƙaramin nan ne mai fukafukai rabi fari-fari, rabi launin jan ƙarfe, wanda masana ke kira Plodia interpunctella. Ba na son fesa maganin ƙwari kusa da abin da yara za su ci, shi ya sa na sayi tarkon feromon, wato sinadarin ƙamshin da ƙwari ke kiran juna da shi.

Kwali ne da ake naɗewa ya zama 'yar bukka mai kusurwa uku, cikinsa shafe da danƙo. A tsakiya akwai ɗan roba mai ɗauke da irin sinadarin da macen asu ke saki don kiran namiji. Ni ban ji warin komai ba, amma su sun ji. Daren farko bakwai suka maƙale, kafin mako ya zagayo na daina ƙirgawa.

Sai na saki jiki, kuma nan ne na yi kuskure. Maza kaɗai yake kamawa. Macen da ta riga ta haɗu da namiji tana can tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma tsutsar ce ke cin abincin, ba mai tashin ba. Bayan mako biyu na tarar da wata tsutsa tana hawa bango, fara sol mai jan kai, ta huda ledar shinkafa ta fito. Raina ya ɓaci, don ya kamata a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Dole na zubar da garin, na goge kowane lungu na kanta, na sa shinkafar a firiza mako guda, na mayar da komai cikin kwalabe masu murfi. Baƙaƙen ƙwarin nan masu huda ƙwayar hatsi kuwa ko kallon tarkon ba sa yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan robar nan. Sai da Adolf Butenandt, wani masanin sinadarai ɗan Jamus, ya tara matan asun siliki kusan rabin miliyan kafin ya gano feromon na farko a 1959. Daga baya aka koma haɗa shi a masana'antar sinadarai, aiki mai tsada. Yanzu a Denmak, wata masaniyar kimiyya, Irina Borodina, da abokan aikinta sun sa wa yis mai suna Yarrowia lipolytica ƙwayoyin halittar asu, ana ciyar da shi a manyan tankuna yana fitar da sinadarin. Kamfaninsu BioPhero, wanda aka kafa a 2016, kamfanin magungunan gona na Amurka mai suna FMC ya saye shi a 2022. Ina fatan wannan hanya ta yi nisa, domin idan sinadarin ya yi araha za a iya cika babban sito da shi har namiji ya rasa inda mace take, ƙwan ma ba za a yi shi ba.

Zan sake saye, amma a matsayin mai gadi. A nisanta shi da taga kada ya janyo na waje, a canza shi idan ƙura ta kashe danƙon. Wanda na sa mako uku da suka wuce, asu ɗaya tak ya kama.