OpenSecrets: inda yake da amfani da inda yake gazawa wajen bin sawun Steve Bartlett

Shafin OpenSecrets kyauta ne, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka fara bincike. Aikinsa shi ne tattara bayanan kuɗin da ke yawo a siyasar Amurka: wa ya ba wa gudummawar kamfen, wane kamfani ya kashe nawa wajen kamun ƙafa a Washington, wane tsohon jami'i ne ya koma yi wa 'yan kasuwa aiki. Ƙungiyar da ta samar da shi, Center for Responsive Politics, an kafa ta ne a 1983, a 2021 kuma ta haɗe da wata cibiya mai bibiyar kuɗin siyasar jihohi. 'Yan jarida da ɗaliban kimiyyar siyasa su ne manyan masu amfani da shi.

Wanda ya dace a auna shafin da shi shi ne Steve Bartlett, don ya taɓa kowane ɓangare. Ɗan jam'iyyar Republican ne, ya yi kansila a Dallas, ya wakilci mazaɓa ta 3 ta jihar Texas a majalisar wakilai daga 1983 zuwa 1991, inda ya zauna a kwamitin harkokin bankuna. Ya ajiye kujerar ya zama magajin garin Dallas daga 1991 zuwa 1995. Daga 1999 zuwa 2012 ya shugabanci Financial Services Roundtable, ƙungiyar da a lokacin ke kare muradun manyan bankuna da kamfanonin inshora da na hannun jari kusan 100.

Kada ka fara da sunansa. Akwai Roscoe Bartlett na Maryland da ya yi shekara 20 a majalisa, akwai Dan Bartlett na fadar White House zamanin George W. Bush, kuma sakamakon bincike na iya cakuɗa maka su. Shiga sashen Lobbying, wato na kamun ƙafa, ka rubuta sunan ƙungiyar da ya shugabanta. Za ka ga jadawalin abin da ta kashe shekara-shekara, da jerin masu kamun ƙafarta, da kamfanonin waje da ta ɗauka haya, da ƙudurorin da ta sa wa ido, da ma'aikatun da ta tuntuɓa. Bayanan sun faro daga 1998, wato duk shekarun Bartlett a ƙungiyar suna ciki. Shekarun ba ƙanana ba ne: dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999 da ta sassauta ƙa'idojin bankuna, gyaran dokar karayar arziki na 2005, shirin ceto bankuna na dala biliyan 700 a 2008, sai dokar Dodd-Frank ta 2010 da ta tsaurara sa ido kan bankuna. Nan ne shafin ya fi burgewa. Abin da zai ci maka yini guda a rumbun takardun majalisar dattawa, nan minti kaɗan ya ishe ka.

Sai dai alƙaluman na buƙatar a karanta su da hankali, don daga fom ɗin LD-2, wato rahoton da masu kamun ƙafa ke miƙa wa majalisa, ake kwaso su, kuma ƙa'idar fom ɗin ta canza a tsakiyar hanya. Kafin 2008 sau biyu ake miƙa rahoto a shekara, ana kuma daidaita adadi zuwa dala 20,000 mafi kusa. Dokar 2007 ta mayar da shi sau huɗu, ana miƙawa cikin kwana 20 bayan ƙarewar kowane wata uku, daidaitawar kuma ta koma dala 10,000. Wani abin da ya fi wannan yaudarar mutane shi ne hanyar lissafi. Ƙungiya mai ma'aikatan kamun ƙafa na kanta tana da zaɓi: ta ƙirga bisa ma'anar dokar kamun ƙafa ta 1995, ko bisa ma'anar dokar haraji, wadda ke haɗawa da abin da aka kashe a jihohi da kuma wajen zuga jama'a su matsa wa wakilansu. Ƙungiyoyi biyu na iya yin aiki iri ɗaya, ɗaya ta fito da ninkin kuɗin ɗayar, kawai don akwatin da ta zaɓa a fom. Jadawalin ba ya faɗakar da kai wannan yadda ya kamata. Kafin ka kwatanta Roundtable da wata ƙungiyar bankuna, buɗe ainihin rahoton ka ga hanyar da kowacce ta bi.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne tara kuɗin ƙungiyar da na kamfanonin da ta ɗauka haya. Abin da ta biya su yana cikin jimillarta tun farko, shafin ma ya kiyaye wannan a lissafinsa. Ka sake haɗawa, ka ƙirga sau biyu.

Wajen neman ƙuduri kuwa, lamba ce abokiyar tafiya. Lambar Dodd-Frank a majalisar wakilai ita ce H.R. 4173, ta majalisar dattawa kuma S. 3217. Lambobin na sake farawa duk bayan shekara biyu da sabuwar majalisa, saboda haka tabbatar kana kan 2009 da 2010. Ko ka same ta, rahoton zai ce maka ƙungiyar ta yi aiki a kanta ne kawai. Ba zai ce goyon baya ta yi ko adawa ba, ba zai raba kuɗin tsakanin batutuwa ba, ba zai kuma ambaci sunan sanata ko ɗaya da aka gana da shi ba. Wannan ba laifin OpenSecrets ba ne, doka ce ba ta nema ba, amma mai karatu ya sani: abin da aka tilasta wa mutane su bayyana, shi kaɗai ke nan.

Sashen Revolving Door shi ne wanda aka yi domin irin su Bartlett, kuma a ganinmu shi ne mafi rauni. Yana jero muƙaman mutum da shekarunsu, daga gwamnati zuwa kasuwa, amma tarihin da ya tsufa kan zo da giɓi. Akwai dalili. Kafin gyaran 2007, wanda zai yi rajistar kamun ƙafa muƙamin gwamnatin da ya riƙe cikin shekara biyun baya kawai ake so ya bayyana. Daga baya aka mayar da shi shekara 20. Bartlett ya bar majalisa shekara takwas kafin ya shiga ƙungiyar, ya wuce wancan wa'adin nesa ba kusa ba, haka nan ya wuce takunkumin shekara ɗaya da ke hana tsofaffin wakilai kamun ƙafa a majalisa. Sannan doka ba ta kiran mutum mai kamun ƙafa sai ya tuntuɓi jami'ai fiye da sau ɗaya, kuma aikin ya cinye aƙalla kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake ba wanda yake wa aiki. Da yawa kan tsaya ƙasa da haka, su kira kansu masu ba da shawara, sunansu ba ya fitowa sam.

Rabin farko na rayuwar siyasarsa kusan duk a wajen shafin yake. Bayanan kuɗin kamfen sun faro ne daga zagayen zaɓen 1990, shi kuwa tun 1982 yake cin zaɓen majalisa. Takarar magajin gari a Texas ofishin sakataren birni ake kai wa rahotonta. Rawar da ya taka wajen dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990, sai dai a kundin majalisa. Albashinsa ma ba a rahoton kamun ƙafa yake ba, yana cikin fom 990 da ƙungiyoyi irin wannan ke miƙa wa hukumar haraji, kuma shafin Nonprofit Explorer na kafar labarai ta ProPublica ya fi dacewa da wannan.

Ka kuma lura da sauyin suna. Tim Pawlenty, tsohon gwamnan Minnesota, ya gaji Bartlett a 2012, a 2018 kuma ƙungiyar ta haɗe da Clearing House Association ta zama Bank Policy Institute. Wanda ya ga layin Roundtable ya yanke, zai ɗauka bankuna sun daina kashe kuɗi, alhali riga kawai aka sake.

Ga mai bincike daga Najeriya, sashen Foreign Lobby Watch ya cancanci leƙawa. Yana ɗauko bayanan da ake miƙa wa ma'aikatar shari'a ƙarƙashin FARA, dokar 1938 da ta tilasta wa masu yi wa ƙasashen waje aiki a Amurka yin rajista, daga 2016 zuwa yau, kuma a irin waɗannan takardun ne ake ganin kwangila kamar wadda jam'iyyar PDP ta ƙulla da kamfanin kamun ƙafa na Ballard Partners a 2018. Zaɓi ƙasa, ka ga wa ya biya, wa ya karɓa. Shafin da Turanci kawai yake, manyan jadawalansa kuma sun fi daɗin karatu a kwamfuta fiye da waya. Mai son sauke bayanan gaba ɗaya sai ya buɗe asusu, kuma sharaɗin shi ne ba don kasuwanci ba.