Maikurowef ko Leza: Wanne Zai Sauko da Wutar Rana Daga Sama?

A 1968 masanin kimiyya Peter Glaser ya kawo shawarar kafa faifan sola a sararin samaniya, kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, inda hasken rana kusan ba ya yankewa. Wahalar tana wajen sauko da wutar: sai an mayar da ita igiyar maikurowef (wani nau'in igiyar rediyo) ko leza (tsinin haske mai ƙarfi), a harbo ta zuwa filin karɓa a ƙasa.

Igiyar maikurowef, mai mitar gigahaz 2.45 ko 5.8, tana ratsa gajimare ba tare da asara mai yawa ba. Amma dole ta keta ayonosfiya, wato can ƙololuwar iska mai cike da ƙwayoyin lantarki, wadda ke dawo da siginar rediyon gajeren zango. In ƙarfin maikurowef ya yi yawa sai ta ɗumama ƙwayoyin, abin da ka iya dagula sadarwa. Shi ya sa binciken NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na shekarun 1970 ya iyakance ƙarfin igiyar kan miliwat 23 a kowane murabba'in santimita, Japan kuma ta harba roka a 1983 don gwada lamarin. Filin karɓarta kuwa sai ya kai faɗin kilomita 10.

Leza ba ruwanta da ayonosfiya, filin karɓarta ƙarami ne. Sai dai hadari ɗaya ya isa ya tare ta, ga barazana ga idanu.

Ni dai na fi karkata ga maikurowef, domin ko da damina wutarta za ta iso.