Lambar da ke jikin kwan fulorasan ta ja mini asarar aikin kwana biyu

Shagon ɗinki gare ni, kuma rabin aikinmu da dare ne, balle in Sallah ta matso. Tun da na buɗe shagon dogon kwai mai kauri nake sawa, wato T12 mai wat 40, da cok ɗinsa mai gurnani (na'urar da ke daidaita masa wuta). Mai wayarin ɗinmu ya ce in koma siririn, T8 mai wat 36. Na sayo huɗu ban ko kalli rubutun jikinsu ba. Ashe lambar da ke jikinsu 765 ce.

Haske kam fari fat, har da ɗan shuɗi-shuɗi, daren farko har yabawa na yi. Sai wata Hajiya ta kawo shadda ruwan goro, na zaɓi zaren surfani a ƙarƙashin wannan hasken, a idona sun hau juna daram. Kwana biyu yarana suna kai. Ta zo karɓa da hantsi, ta fita da kayan bakin ƙofa, sai ga zaren ya fi shaddar ja nesa ba kusa ba. Ta ce, "Malam, wannan ne kalar da muka yi da kai?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Warwarewa muka yi tas.

Daga baya aka fahimtar da ni cewa lambar farko tana nuna yadda kwan ke fito da launi na gaskiya, 8 ta fi 7. Biyun ƙarshe kuma launin hasken ne, 65 shi ne 6500K mai shuɗin nan, 40 fari mai sauƙi, 27 kuma ja-ja irin na kwan da. Na canza zuwa 840. Wutar da suke ci ɗaya ce, amma hasken 840 ya kai lumen (ma'aunin yawan haske) 3,300, na 765 kuwa wajen 2,500. Yanzu ja yana fitowa ja.

Sai dai ba zan ce na huta ba. Da wuta ta yi ƙasa sai su kama ƙyafƙyafta, sitata (ɗan abin da ke tayar da kwan) biyu na canza a wata guda. T5, wanda ya fi T8 siranta, mai wat 28 da na gwada a kan teburin yanka ba ya haka, nan take yake kamawa, amma ya fi gajarta, dole sai da na sayi sabon mazauninsa. Kuɗin zaren Hajiya ma har yau ban mayar ba.